Jan Bulon da Bai Gasu Ba

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka wuce ta gefen tifa tana juye bulo a bakin layinku, rabinsa na farfashewa tun kafin ya gama zubowa, ka ɗauke kai ka ci gaba da latsa waya. Ka ga katangar makarantar da 'ya'yanka suke wasa a gindinta ta yi ciki bayan ruwan farko, ka ce ai kai ba injiniya ba ne. Ranar da gini ya rufta a wata unguwa ka tsaya cikin jama'a ka girgiza kai, ka ce Allah ya kiyaye gaba, ka koma gida ka ci tuwonka. To, zauna ka ji labarin wata mai gasa burodi a Anguwan Rukuba. Ita ma ba injiniya ba ce.

Sunanta Nkoli, amma a unguwar da Maman Kamsi aka fi saninta. A Jos aka haife ta, a Jos ta yi makaranta, Hausa ce ma take fara zuwa bakinta idan ranta ya ɓaci. Tana da ɗan gidan burodi a bayan gidansu: murhu ɗaya na itace, tebur biyu, da sikelin auna fulawa da ta gada daga wurin matar da ta koya mata sana'ar. Shekara goma sha huɗu ke nan tana gashi. Ba ta yi arziki ba, amma ba ta taɓa kwana da burodin jiya a kanta ba, kuma wannan ya ishe ta alfahari.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shi ne mahaifiyarta, Mama Ekwutosi. Tsohuwar ta yi shekara talatin da wani abu a Jos, amma da mijinta ya rasu sai ta tattara ta koma ƙauyensu can kudu maso gabas. Yanzu gwiwoyi sun gaji, ido ya fara hazo, kuma babu kowa a gidan sai ita da akuya biyu. Duk Kirsimeti sai Nkoli da yayanta Arinze sun roƙe ta ta dawo, duk Kirsimeti amsar ɗaya ce.

"Ku kun manta, ni ban manta da sanyin Jos ba. In watan Agusta ya kama, ruwa ba dare ba rana, bango ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, har ƙashin mutum ya jiƙe. Da waɗannan gwiwoyin? Ku bar ni in mutu da ɗumina."

Sai wata shekara ta ɗan sassauta. Ta ce a duk zamanta na Jos gida ɗaya ne bai taɓa ba ta sanyi ba, wani tsohon gidan jan bulo na ma'aikatan kuza da suka yi haya a Bukuru tana amarya. Ta ce da yamma in ka ɗora tafin hannu a bangonsa sai ka ji kamar ka taɓa bayan mutum mai rai. In za su gina mata ɗaki irin wannan, na jan bulo gasasshe ba na siminti ba, to za ta zo kafin Agusta. In ta zo ta tarar da sanyi kuwa, motar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita.

Arinze ya karɓi aikin da hannu biyu. Shi ne babba, shi ne namiji, kuma shi ne mai shagon tayil da fenti a Titin Bauchi, don haka a ganinsa babu wanda ya kai shi sanin kayan gini a dangin. Mutum ne mai ido. Daga nesa zai gaya maka fari kaza ya fi fari kaza haske. Ya nemo wani mai gasa bulo a wani ƙauye bayan gari, aka kawo tifa biyu a farkon Afrilu, aka juye a filin da ke tsakanin gidan Nkoli da gidan burodin. Za a yi ɗakin Mama, abin da ya rage a yi katangar kaji.

Ranar Asabar Arinze ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago: ya rufe shi. Ya zo da sassafe da tsohuwar riga, ya durƙusa gaban tarin, ya shiga zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Duk bulon da ya fito sumul, mai haske kamar cikin gwanda, mai kaifin kusurwa, sai ya ajiye shi dama. Duk wanda ya yi duhu kamar tsohuwar tukunyar ƙasa, ya ɗan tsuke, ko gefensa ya ɗan karkace, sai ya jefa shi hagu. Bai ci abinci ba sai la'asar. Da ya miƙe fatar yatsunsa ta saɓule, bayansa ya ƙi miƙewa, amma fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

"Dubi nan, Nkoli," in ji shi. "Na dama na Mama ne. Ko fenti ba ya so. Har sun fi waɗancan girma kaɗan, kin lura? Wancan tarkacen kuma kaji ba za su kai ƙara ba."

"Sannu, Dede," ta ce, don haka ake kiran yaya a garinsu. Ta kawo masa ruwan ɗumi da gishiri ya tsoma hannu. Ranta ya yi fari ƙal. Ta daɗe ba ta ga yayanta ya yi wa wani abu wahala irin haka ba.

Ranar Litinin Sylvanus birkila ya iso da cokalinsa na gini da igiyarsa da leburori biyu. An riga an zuba fandisho tun makon da ya wuce. Sylvanus gwani ne a bulon siminti, yana iya ɗora ɗari biyu kafin rana ta take, amma jan bulo sau ɗaya ya taɓa yi, shi ma na ado ne a gaban wani otal. Yana cikin ɗaura igiya sai ga Baba Mwadkon ya shigo sayen burodinsa na kullum.

Baba Mwadkon tsohon birkila ne, ɗan asalin nan tsaunukan, wanda siminti ya cinye zanen yatsunsa tun kafin a haifi Sylvanus. Ya daina aiki, amma bai daina tsayawa a duk inda ya ga an kwaɓa yashi ba. Kullum burodi iri ɗaya yake saye, na can ƙuryar murhu, wanda bayansa ya yi duhu har sauran masu saye suke turewa gefe. Nkoli takan ajiye masa biyu.

Ya karɓi ledarsa, ya rataye a hannu, ya tako zuwa tarin dama. Ya ɗauki bulo biyu, ɗaya a kowane hannu, ya gwara su. Suka ce ƙub, kamar an buga buhun gari. Ya ajiye. Ya ɗauki wasu biyu, ƙub. Ya tsallaka tarin hagu, ya ɗauki biyu daga cikin munanan, ya gwara. Ƙara ta tashi siririya, tsaf, kamar an taɓa faranti da cokali, har ta ɗan jima a iska.

"Maman Kamsi, wannan kyakkyawan tarin na ina ne?"

"Na ɗakin Mama ne, Baba."

"Wancan fa?"

"Katangar kaji."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Kai, kajin nan sun yi sa'a."

Sylvanus ya yi dariya don ya zaci wasa ne. Nkoli ba ta yi dariya ba. Tun ƙarar farko ta gane wannan sautin. Kowace safiya ta duniya takan juya burodi ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Wanda ya gasu yakan amsa mata a sarari. Wanda bai gasu ba yakan ce ƙub. Kuma ta san daga ina marasa gasuwar suke fitowa: daga bakin murhu, inda wuta ba ta kai sosai. Su ne suka fi haske, su ne suka fi kyan gani a tire, sai ka yanka ka tarar da cikinsu danƙo.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "shi ma bulo yana da na bakin murhu?"

"Yo ba gasa shi ake yi ba? Ke ce za ki tambaye ni?" Ya ɗaga ɗaya mai haske. "Wannan yana gefe, wuta ta gaishe shi ne kawai ta wuce. Har yanzu laka ce ta sa jar riga. Shi ya sa ya fi girma. Laka in ta sha wuta da gaske sai ta tsuke, ta yi duhu, ta haɗe ta zama kamar dutse. Wancan da yayanki ya tsana, shi ne ya zauna a tsakiyar wuta."

"In aka yi ginin da wannan fa?"

"Zai tsaya. Bana zai tsaya, baɗi ma wataƙila. Amma zai sha ruwa kamar soso. Damina ta kama, bango ya jiƙe, ba zai bushe ba sai Nuwamba. Jiƙaƙƙen bango kuwa ba ya riƙe ɗumi, sanyi yake hurawa cikin ɗaki. Daga nan gindinsa ya fara zuba kamar garin kwaki."

Sylvanus ya matso yana goge cokali a wando. "Madam, kar Baba ya tsorata ki. Ni abin da oga ya nuna min shi zan ɗora. In mun gama mu watsa filasta mai kauri, wa zai san abin da ke ciki? Haka kowa yake yi a garin nan."

Haka kowa yake yi. Da wannan maganar aka gina rabin ɗakunan da mutane suke tari a cikinsu daga Daɗin Kowa har Titin Bauchi, kuma duk wanda ya faɗe ta yakan faɗe ta ne da murmushi, kamar ya yi maka alheri.

Nkoli ta tsaya tana kallon tarin biyu. Ta tuna yatsun Arinze a cikin ruwan gishiri. Tun suna yara ba ta taɓa gaya masa ya yi kuskure a gaban mutane ba, ba a yin haka a gidansu. Tana iya yin shiru. Ɗakin zai tashi da kyau, kowa zai yaba, Dede zai ɗauki hoto ya tura wa dangi. Sai kuma ta hango a ranta mahaifiyarta zaune a bakin gado cikin Agusta, ta lulluɓa da zane uku, tana tambayar ƙarfe nawa motar kudu take tashi.

"Sylvanus, kwance igiyarka. Yau ba gini."

"Haba madam, na riga na kwaɓa..."

"Ka yi wa kaji dakali da shi."

Ta kira Arinze a waya. Kafin awa guda ya sauka daga keke da abin awo rataye a ƙugu, ransa a haɗe. Ta yi masa bayani a gefe, a hankali, amma shi bai iya yin ƙasa da murya ba.

"Wato ni ban san kaya ba? Shekara ashirin ina sayar da kayan gini, yau mai burodi ce za ta koya min? Kin san awa nawa na yi a durƙushe a nan?"

"Na sani, Dede. Ni na kawo maka ruwan gishiri."

"To me kike so? In sa wa uwata waɗancan ƙonannun? In ta zo ta ce mun gina mata ɗakin girki?"

"Ka saurari ƙarar kawai."

"Ni ba makaɗi ba ne!" Ya juya ga tsohon. "Baba, da girmanka, zamaninku daban, namu daban. Yanzu kaya da ido ake saye."

Baba Mwadkon ya gutsuri burodinsa yana taunawa ba gaggawa. "Gaskiyarka, ɗana. Tayil da ido ake saye, don ba ya ɗaukar komai sai takalmi. Amma kar mu yi musu da baki. Maman Kamsi, kina da sikeli ai?"

Aka fito da sikelin fulawa aka ɗora a kan benci. Tsohon ya ce Arinze ya zaɓi bulon da ya fi so a duk tarin dama, shi kuma Sylvanus ya rufe ido ya ɗauko kowanne daga hagu. Arinze ya daɗe yana zaɓe, ya fito da wani sumul kamar sabulu, har ya ciro alƙalamin fenti daga aljihu ya rubuta harafin farko na sunansa a jiki. Aka auna. Nasa kilo uku cif. Na hagun ma kilo uku, da ɗan ɗigo a kai.

"To a samo bokiti biyu," in ji Baba Mwadkon. "Kowa ya kwana a ruwa, sai gobe war haka. Bulon kirki yana shan ruwa, amma da ƙa'ida. In ka raba nauyinsa gida biyar, abin da zai sha bai kamata ya wuce kashi ɗaya ba. Wanda ya wuce haka mashayi ne, ba a ba shi amanar ɗaki."

Da aka tsoma su, na Arinze ya shiga tsiyayar kumfa yana shii kamar an jefa ƙwayar magani a kofi. Arinze ya kalli bokitin, ya kalli gefe.

"Farin ciki yake yi," ya ce, ya tafi shago ba sallama.

Nkoli ta yi gashin ranar hankalinta rabi a murhu rabi a bokiti. Ba tsoron ta faɗi gwajin take yi ba. Tsoronta ta ci, yayanta ya yi fushi ya janye hannu daga aikin, a wayi gari ɗakin ya tashi amma 'ya'yan mai ɗakin ba sa gaisawa. Da yamma ta aika masa da burodi mai kwakwa, irin wanda yake so. Bai kira ba, amma ledar ba ta dawo ba.

Washegari tun kafin tiren farko ya fito Arinze ya iso. Baba Mwadkon na nan, Sylvanus na nan, har da mata biyu masu sarin burodi da suka ji labari suka ƙi tafiya. Ruwan bokitin hagu garau yake, ana ganin gindinsa. Na dama ya koma kamar kunun kanwa.

Nkoli ta tsamo na hagu, ta goge shi da tsumma, ta ɗora. Kilo uku da giram ɗari huɗu. Ta tsamo na Arinze. Sai da ta sa hannu biyu, don ya yi santsi, kusurwoyin nan masu kaifi sun zama kamar na tsohon sabulu. Allurar sikeli ta wuce uku da rabi, ta yi ta tafiya, ta tsaya dab da huɗu.

"Kusan lita guda ya shanye," in ji ɗaya daga cikin matan. "Wannan ai ya fi mijina."

Aka kwashe da dariya, ban da Arinze. Baba Mwadkon ya miƙa masa bulon. "Sa farce."

Arinze ya danna babban yatsa. Farcen ya shige, ya fito da jar laka a ƙarƙashinsa. Ya gwada a na hagu, farcen ya zame bai bar ko alama ba. Shi da kansa ya je tarin dama ya ɗauko busasshe, ya riƙe shi daidai ƙugu, ya sake shi a kan dakali. Ya tarwatse gida biyar. Cikinsa ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne fari-fari, irin na lakar bakin rafi. Ya ɗauko na hagu ya sake. Ya yi tsalle ɗaya ya kwanta lafiya lau, sai ɗan ɓarin kusurwa.

Ya daɗe a tsaye yana kallon gutsattsarin. Nkoli ta ji kamar ta je ta rufe su da zane. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da na sa Mama a cikin wannan."

"Ba ka sa ta ba, Dede."

"Da hannuna na zaɓa mata. Ɗaya bayan ɗaya."

"Ai ka yi rabin aikin," in ji Baba Mwadkon. "Ka raba su tsaf, ban taɓa ganin wanda ya raba gasasshe da ɗanye da kyau haka ba. Sunan tarin kawai ka juya."

Arinze ya ɗago ya kalli tsohon, yana neman ko ba'a ce. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa da ƙwalla. Ya cire agogo ya miƙa wa ƙanwarsa, ya tuɓe rigar shago.

"Sylvanus, mayar da igiyarka. Baba, zo ka nuna min yadda ake kiɗan nan."

Ranar ma shagon tayil bai buɗe ba. Suka bi tarin hagu bibbiyu, suna gwarawa suna saurare. Tsohon ya ware waɗanda wuta ta yi wa yawa, baƙaƙe masu ƙyalli da suka murɗe, ya ce waɗannan a farfasa a cika ƙasan ɗaki da su, ƙarfi gare su amma ba sa zama a layi. Kafin azahar kunnen Arinze ya buɗe, har ya fara kama waɗanda suka tsage a ciki, masu ƙara kamar fasasshen kwano. Nkoli kuwa ba ta buƙaci koyo ba. Tana wucewa da tire take cewa, "Wancan na hannun hagunka, ajiye shi," kuma in aka duba sai a ga haka ne.

Sylvanus ya nuna tarin ɗanyun da haɓa. "Madam, ki zuba su a murhunki mana, ki ƙarasa su tare da burodi."

"Wutar burodi wasan yara ce a wurin laka," in ji Baba Mwadkon. "Bulo sai ya yi kwanaki a wuta, har ya yi ja yana haske kamar garwashi. Ninka zafin murhunta sau huɗu, sannan ka fara magana."

Arinze ya kira mai gasa bulon. Mutumin bai yi gardama ba, ya ce dama na gefe kullum haka suke fitowa, mutane ne ba sa tambaya, wasu ma su suke nema don kyau. Ya turo mota ta kwashe su, ya sa su a tsakiyar gashinsa na ƙarshe kafin ruwa ya sauka sosai.

Saura abu ɗaya. Da Sylvanus ya ɗauki bulon farko zai ɗora, tsohon ya riƙe masa hannu.

"A bushe? Wannan ba bulon siminti ba ne. Ko gasasshen yana da ƙishi. In ka ɗora shi haka zai tsotse ruwan kwaɓin kafin siminti ya kama, gobe ka sa yatsa ka kankare shi kamar ƙuli-ƙuli. A jiƙa su tukuna, a bar su su tsane, sannan ka ɗora."

"Baba, wannan aikin naku ba ya sauri."

"Ina za ka?"

Aka gangaro da duro biyu aka cika da ruwan rijiya. Sylvanus ya yi ta gunaguni kwana biyu. A rana ta uku, da ya ga yadda layin yake kamawa, ya gwada ɓamɓare ɗaya da cokali ya kasa, sai ya daina gunagunin. A rana ta biyar Nkoli ta ji shi yana yi wa leburansa tsawa: "Wa ya kawo min busasshe? Kai, wannan ba bulon siminti ba ne!" Ta shige gidan burodi ta yi dariyarta a can.

Bangon ya tashi da kaurin bulo guda a tsawonsa, layi na kama layi. Ba a yi masa filasta ta waje ba. Launinsa bai zo ɗaya ba, wani ja mai duhu, wani kamar tagulla, wani kamar gasasshiyar masara, kuma Arinze, mutumin da ke mayar da kwalin tayil saboda ɗigo ɗaya, ya tsaya gabansa ya ce bai taɓa ganin bango mai kyau irinsa ba. Ruwan Yuni ya dake shi, na Yuli ya dake shi. Da rana ta ɗan leƙo sai ya bushe.

Mama Ekwutosi ta iso a makon ƙarshe na Yuli, da jaka biyu da buhun busasshen kifi, bayan ta bar wa maƙwabciya akuyoyin "aro, ba kyauta ba, don ban san ko zan zauna ba." An yi ruwa da safe, rana ta fito da azahar, yamma ta yi da iskar nan ta Jos mai shiga hanci. Ta ƙi shiga ɗakin. Ta zagaya shi da sandarta tana ƙwanƙwasa bango nan da can, kamar mai sayen kankana. Sannan ta shiga, ta sa aka rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado. Nkoli da Arinze suna tsaye kamar 'yan makaranta.

Tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a bangon yamma, wanda ya sha rana tun azahar. Ta bar shi a nan. Ta lumshe ido. Can sai ta zame mayafin da ta naɗe wuya da shi tun daga tasha, ta ninke shi, ta ajiye a kan filo.

"Wa ya zaɓi bulon nan?"

Arinze ya buɗe baki, Nkoli ta riga shi. "Dede ne, Mama. Ɗaya bayan ɗaya. Har sau biyu."

"Hm," in ji tsohuwar. "Ashe ka fara hankali." Ta dubi ƙafafunta. "Gobe a kira matar nan a ce ta riƙe akuyoyin. Nkoli, ina burodin da ake ta ba ni labari? A kawo min mai duhun baya, ba na son ɗanye."

Tana nan har yau. Agusta biyu ta yi a ɗakin. Da hantsi takan fito ta zauna a jikin bango ita da Baba Mwadkon, suna cin burodin ƙuryar murhu suna musu a kan wace shekara aka fi sanyi a Bukuru.

Babu injin gwaji a wannan labarin, babu takardar shaida. Kunne ne, da farce, da bokiti, da sikelin fulawa, da mace ɗaya da ta ƙi ɗauke kai. Duk kana da su. Akwai tarin bulo a layinku yanzu haka, ka san wanda ake nufi, wanda za a yi aji da shi, ko ɗakin haya, ko katangar da yara za su jingina. Gobe in za ka wuce, mayar da wayar aljihu. Tsaya ka ɗauki biyu ka gwara su. In na siminti ne, murza gefensa da yatsa ka ga ko zai zuba, ka sake shi daga ƙugu ka ga ko zai rayu. In ya ce maka ƙub, ko ya koma gari a hannunka, nemi mai ginin ka gaya masa a gaban birkilansa, tun ba a ɗora layin farko ba. In ya ce haka kowa yake yi, kar ka tafi. Ka tsaya a wurin har sai an kwance igiyar.